Tarihin Kalmar "Boy" Cikin Ingilishi da Yadda Ta Zama "Boyi" a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga makarantar boko a ƙasar nan, cikin kalmomin Ingilishi na farko da ake koya masa akwai "boy". Akan ce masa ma'anarta yaro, a nuna masa hoton wani ɗan yaro da gajeren wando a littafin karatu, shi ke nan an wuce wurin. Ba a sake waiwayarta, domin ana ganin ba ta da wani lauje cikin naɗi. Amma kuwa wannan 'yar kalma mai harufa uku ta sha kai mutane gaban alƙali, har ma Kotun Ƙoli ta Amurka ta zauna a kanta a shekarar 1964 ta wata fuska, ta kuma sake zama a kanta kai tsaye a shekarar 2006. Ita ce kuma Hausawa suka ara suka mai da ita "boyi", wadda ko kusa ba ta nufin ƙaramin yaro, sai dai mai yi wa Bature hidimar gida, ko da kuwa ya yi furfura.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun kalmar tun daga bayyanarta a rubuce a Ingila, zuwa ƙetarewarta ƙasashen da Turawa suka mallaka da kuma Amurka, sa'an nan shigowarta ƙasar Hausa, har zuwa yadda masu harshen suke amfani da ita a maganarsu ta yau da kullum. Za a ga cewa ma'ana biyu ne suka yi ta tafiya tare a cikinta har shekara ɗari bakwai, watau ƙarancin shekaru da ƙarancin matsayi, kuma ta biyun ce ta riga ta farkon zuwa.

2.0 Asalin Kalmar a Ingila

Kafin Normandawa su ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Ingilishin da ake yi, wanda masana ke kira Tsohon Ingilishi, yana da fitattun kalmomi biyu na ɗa namiji wanda bai kai ga girma ba, su ne "cnafa" da "cniht". Dukansu biyu kuwa suna da ma'ana ta biyu, watau bara ko mai hidima. Daga baya sai rabo ya raba su. "Cniht" ta yi sa'a, domin hidimar da ta lizimta ita ce ta sarki a fagen fama, sai ta yi ta hawa har ta zama "knight", watau barde mai sulke, daga bisani kuma ta zama lambar girma wadda akan ba mutum a riƙa kiransa "Sir", irin wadda aka ba Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello. "Cnafa" kuwa gangarawa ta yi. Har zamanin mawallafin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana cewa "knave child" a nufi jariri namiji, amma a hankali "knave" ta bar wannan gurbi ta tsaya kan mazambaci marar mutunci. 'Yan'uwansu na Jamusanci suna nan da tsohuwar kamarsu: "Knabe" yaro ne, "Knecht" kuwa bara. Ita ma "girl" a wancan zamani tana nufin kowane ɗan ƙaramin yaro ne, mace ko namiji.

A cikin wannan hali ne "boy" ta bayyana a rubuce-rubucen wajen shekara ta 1300, kuma a yawancin wuraren da ta fara fitowa tana nufin bara ne, ko talaka marar asali, ko kuma ta zo a matsayin zagi. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 14 zuwa cikin na 15 ne ma'anar ɗa namiji ta kafu, ta cike gurbin da "knave" ke bari. Masana sun yi saɓani game da tushenta. A shekarar 1940 E. J. Dobson ya buga nazari mai tsawo a mujallar Medium Aevum, inda ya danganta ta da wata kalma ta Faransancin Normandawa mai nufin wanda aka sa wa mari, wadda ita kuma ta samo asali daga "boia" ta harshen Latin, watau ƙarfe ko fatar da ake ɗaure wuya da ita. Waɗansu kuma sun haɗa ta da kalmomi masu kama da ita a harsunan Jamus da Holan, kamar "Bube" ta Jamusanci. Anatoly Liberman, a ƙamusunsa na asalin kalmomi na 2008, yana ganin kalmomi biyu ne suka cakuɗe, ɗaya ta maganar jarirai mai nufin ɗan'uwa, ɗaya kuma ta abin tsoro. Ko wanne aka ɗauka, shaidar da ke a rubuce ta nuna cewa baran ya riga yaron shiga kalmar.

Wannan haɗuwa ta yaro da bara cikin kalma ɗaya ba Ingilishi kaɗai ta shafa ba. "Pais" ta tsohon Girkanci da "puer" ta Latin duk suna nufin yaro, suna kuma nufin bawa. "Gulam" ta Larabci yaro ne, amma ita ce sunan bayin da halifofin Abbasiyawa suka mayar sojoji, musamman daga zamanin Mu'utasim wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842. "Garçon" ta Faransanci yaro ne, ta kuma daɗe ana kiran mai kawo abinci a gidan cin abinci da ita. Dalilin ba boyayye ba ne. A tsohon tsarin gida, ɗa da bara duk a ƙarƙashin maigida suke, ba su da gida nasu, ba su da ta cewa a taron manya, kuma su ne 'yan aike. A Ingila musamman, kamar yadda Peter Laslett ya nuna a littafinsa na 1965, al'ada ce samari da 'yan mata su bar gidan iyaye su yi shekaru suna hidima a gidan wani kafin su yi aure. Saboda haka yawancin barori matasa ne, kuma matasa da yawa barori ne, har harshe bai ga dalilin raba musu suna ba. Abin lura a nan shi ne, irin wannan hidima tana da ranar ƙarewa: baran yau shi ne magidancin gobe.

3.0 Kalmar a Matsayin Cin Mutunci

Da ma'anar ƙarancin shekaru ta zauna daram, sai kalmar ta sami wani sabon kaifi. Kiran babban mutum da ita ya zama tamkar tuɓe masa rawani a bainar jama'a. Babu inda wannan ya fito fili kamar a wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Coriolanus, wanda aka rubuta wajen 1608. Tauraron wasan jarumi ne na Rum wanda mutanen birninsa suka kora, ya haɗa kai da tsohon abokin gabarsa Aufidius, suka zo da runduna za su ci Rum, sai mahaifiyarsa ta fito ta roƙe shi, ya janye. A fitowa ta ƙarshe Aufidius ya kira shi maci amana, sa'an nan ya kira shi "boy". Ta biyun ce ta fi tunzura shi, har ya maimaita kalmar sau uku cikin fushi, yana tuna wa jama'ar garin irin kisan da ya taɓa yi wa danginsu shi kaɗai. Wannan alfahari ne ya harzuƙa su, aka far masa aka kashe shi. A wasan Romeo da Juliet ma, da wannan kalma Tybalt ya tsokani Romeo domin ya zare takobi.

Ke nan tun farkon ƙarni na 17 masu kallon wasa a Landan sun san cewa kalmar tana yanka in an jefi babba da ita. Wannan yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa Turawan da suka fita da ita zuwa ƙasashen waje ba cikin rashin sani suka yi amfani da ita ba.

4.0 Ƙetarewarta Zuwa Ƙasashen Mulkin Mallaka

An kafa Kamfanin Gabashin Indiya a shekarar 1600, kuma daga nan 'yan kasuwa da ma'aikatan Ingila suka fara zama a ƙasashen da hidima ke da arha. Ƙamusun nan mai suna Hobson-Jobson, wanda Henry Yule da A. C. Burnell suka fitar a 1886 domin tattara kalmomin Turawan Indiya, ya ware wa "boy" gurbi na musamman. Ya bayyana cewa a kudancin Indiya da ƙasar Sin da ita ake kiran hadimi ɗan ƙasa, kuma Bature yakan ɗaga murya ne kawai ya faɗe ta, hadimin ya sheƙo. Ya kuma ambaci wata kalma ta harsunan kudancin Indiya mai kama da ita a furuci, sunan wani jinsin mutane masu ɗaukar manya a kan makarar alfarma, wadda ta cakuɗu da ta Ingilishin a bakin Turawa.

A Afirka kalmar ta yaɗu ko'ina. A Afirka ta Kudu akwai "garden boy" mai lambu da "kitchen boy" mai aikin madafa, a ma'adinan zinariya kuwa baƙin mutum da ke shugabantar ayarin leburori "boss boy" ake ce masa, watau ko shugabancin ma bai fitar da shi daga yarinta ba. Sawahili ya ari kalmar ya ce "boi". Faransawa ma, duk da suna da tasu, sai suka ari ta Ingilishi domin hadiman ƙasashen da suka mallaka, har suka yi mata ta mace, "boyesse". Shi ya sa Ferdinand Oyono na Kamaru ya sa wa littafinsa na 1956 suna Une vie de boy, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1966 da sunan Houseboy, labarin wani hadimi mai suna Toundi wanda sanin asirin gidan Kwamanda ya zama ajalinsa.

A nan ne kalmar ta yi babban sauyi. Hidimar Ingila, kamar yadda aka gani a baya, mataki ce a rayuwa wadda shekaru ke fitar da mutum daga cikinta. A ƙasashen mulkin mallaka kuwa launin fata ne ya sa mutum cikinta, launin fata kuwa ba a girma a bar shi. Sai ga dattijo mai jikoki yana amsa "boy" daga bakin ɗan Bature ɗan shekara 22 wanda jiya-jiya ya sauka daga jirgin ruwa. Wannan kuwa ya yi daidai da hujjar da masu mulkin mallaka ke kafawa, cewa mutanen da suke mulka tamkar yara ne masu bukatar mariƙi.

5.0 Amurka: Daga Gandun Bayi Zuwa Kotun Ƙoli

Babu inda kalmar ta yi ɗaci kamar kudancin Amurka. An sauke 'yan Afirka na farko a Virginia a 1619, kuma aka ci gaba da bauta har 1865. Bayan 'yanta bayi, jihohin kudu sun kafa dokokin wariya, tare da wata ƙa'idar magana wadda ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Baƙin mutum dole ya ce wa farar fata "Mister" ko "Sir", shi kuwa sai a kira shi da sunansa tsirara, ko a ce masa "boy" har ya tsufa, sa'an nan a koma ce masa "uncle". Mace baƙa "girl" ce, in ta manyanta ta zama "auntie". Ta haka aka tsallake shekarun girma ɗungum: mutum ya tashi daga yaro ya faɗa tsoho, ba tare da harshe ya taɓa amsa cewa shi magidanci ne ba. Ma'aikatan taragun barci na kamfanin Pullman, waɗanda kusan dukansu baƙaƙe ne, fasinjoji kan kira su "boy", ko kuma "George", sunan mai kamfanin. Neman mutunci yana cikin abubuwan da suka sa suka kafa ƙungiyarsu a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph.

Da gwagwarmayar neman 'yanci ta kankama, sai batun kira ya zama ɗaya daga cikin fagagenta. A wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a watan Afrilu na 1963, ya lasafta wannan kira cikin wulaƙancin da ya sa baƙaƙe ba za su ƙara jira ba, tare da hana matansu da iyayensu mata laƙabin girmamawa. A wannan shekara kuma aka gurfanar da wata 'yar gwagwarmaya mai suna Mary Hamilton a kotu a Gadsden ta jihar Alabama. Lauyan gwamnati ya yi ta kiranta da sunanta na fari kawai, ita kuwa ta ce ba za ta amsa ba sai ya ce "Miss Hamilton" kamar yadda ake yi wa farar fata. Alƙali ya ɗaure ta kwana 5 da tarar dala 50 bisa raina kotu, amma a 1964 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. A watan Fabrairu na 1968 kuma masu kwasar shara wajen 1,300 suka shiga yajin aiki a Memphis, bayan motar shara ta matse abokan aikinsu biyu sun mutu. Allunan da suka riƙe suna ɗauke da kalmomi huɗu, "I AM A MAN", watau mai riƙe da allon cikakken mutum ne. Wanda bai san tarihin "boy" ba zai ga maganar kamar ba ta da wani amfani. Wanda ya sani kuwa ya san amsa ce aka mayar. Wannan yajin aiki ne ya kai King Memphis, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu.

Shari'ar da ta shafi kalmar kai tsaye ita ma daga Gadsden ta taso. Waɗansu ma'aikata biyu baƙaƙe, Anthony Ash da John Hithon, sun kai ƙarar kamfanin Tyson Foods cewa an tsallake su wajen ƙarin girma an ba farare, suka kuma kawo shaida cewa manajan masana'antar yakan kira su "boy". Kotun ɗaukaka ƙara ta ce kalmar ita kaɗai, in ba a haɗa ta da ambaton launi ba, ba ta zama shaidar wariya. A watan Fabrairu na 2006 Kotun Ƙoli ta ƙi yarda da wannan ƙa'ida, ta ce ma'anar mai magana tana iya dogara da halin da aka yi maganar, da karin murya, da al'adar wurin, da kuma tarihin amfani da kalmar. Ga mai nazarin harshe wannan hukunci abin lura ne, domin alƙalai ne suka tabbatar da cewa ƙamus kaɗai ba ya ƙare ma'ana.

Ba duk masu jin Ingilishi ne suka gaji wannan ɗaci ba. A 1979, wajen bikin ba da kyaututtukan talabijin a Ostareliya, mai gabatarwa Bert Newton ya yi wa Muhammad Ali raha da kalmar a kan dandamali, nan take fuskar Ali ta sauya, ya tambaye shi abin da ya ce. Shi Newton bai san nauyinta a kunnen baƙin Ba'amurke ba, sai da ya ba da haƙuri. A Amurka kuwa babu mai irin wannan uzuri: a 2008 wani ɗan majalisa daga jihar Kentucky, Geoff Davis, ya ambaci Barack Obama da ita, tilas ta sa ya rubuta takardar neman gafara.

6.0 "Boyi" da "Yaro" a Ƙasar Hausa

Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato kuma a watan Maris. Kowane Razdan da Di'o yana da hadimansa: kuku, da boyi mai kula da ɗaki da tebur, da ƙaramin boyi mai taimaka masa, da mai wanki, da mai kula da doki, wanda Turawan suka haɗa Hausa da Ingilishi suka ce masa "doki boy". Dokar tsarin garuruwa ta 1917 ta tanadi filin da ba a gini a cikinsa, mai faɗin yadi 440, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, bisa hujjar tsoron zazzaɓi. Hadimai kaɗai aka yarda su kwana a unguwar, a waɗansu 'yan ɗakuna can bayan gida, su ne "boys' quarters". Turawa sun tafi a 1960, amma ɗakunan da sunansu suna nan, har masu gine-gine na yau suna taƙaita sunan da harufa biyu, BQ.

Da yake kalmomin Hausa sun fi son ƙarewa da wasali, sai "boy" ta zama "boyi", kamar yadda "cook" ta zama "kuku". Kamar da ke tsakaninta da "bayi" katari ne kawai na furuci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ma'anar da Hausa ta zaɓa. Ba ta ari ma'anar yarinta ba, domin tana da yaro da saurayi da matashi. Abin da ta ara shi ne sabon nau'in hidima da ta gani a bariki. Har yanzu in an ce an mai da wane boyi-boyi, ana nufin ana sa shi aikin ƙasƙanci ba tare da ganin girmansa ba. Ta wata ƙofa dabam kuma, watau gidajen silima, kalmar ta sake shigowa cikin "kaboyi" daga "cowboy", amma a nan jarumta take ɗauke da ita.

Mai tambaya zai iya cewa, ai Hausa ma tana kiran babban mutum yaro. Gaskiya ne. Akwai yaron Sarki, da yaron shago, da yaron mota, kuma magidanci mai mata da 'ya'ya yakan ce shi yaron Alhaji wane ne, ba tare da jin kunya ba. M. G. Smith ya yi bayanin wannan dangantaka ta barantaka a nazarinsa kan Zazzau na 1955 da 1960, haka nan Abner Cohen a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya dogara da amanar da ke tsakanin maigida da yaransa. Bambancin yana cikin haƙƙi da makoma. Maigida yana da nauyin ci da sha da tufafin yaronsa, sau da yawa shi ke yi masa aure, kuma ana sa ran wata rana ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, shi ma ya tara nasa yaran. Boyi kuwa albashi ne tsakaninsa da Bature, in an yi wa Baturen canjin wurin aiki ko ya koma gida, abin da ya rage masa shi ne takardar shaida da zai nuna wa wani Baturen, kuma ba a taɓa tsammanin boyi ya zama Di'o ba. Wannan ba ya nufin barantaka ba ta da nata zalunci, ko kuwa "yaro" ba ta zama zagi; wanda aka ce masa "kai yaro ne" a tsakiyar sa'o'insa ya san an taɓa shi. Amma dai ƙofarta a buɗe take ta sama. Abin sha'awa, Ibo sun ari kalmar Ingilishin suka sa ta cikin tsari irin wannan: "igba boi" shi ne zaman da yaro ke yi a shagon maigida na waɗansu shekaru, a ƙarshe a sallame shi da jari.

7.0 Amfaninta a Maganar Yau da Kullum

Duk da wannan tarihi, mai jin Ingilishi na yau yana faɗin "boy" sau da yawa a yini ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. Bayan ma'anarta ta ɗa namiji, magidanci yakan ce zai fita da "the boys", yana nufin abokan hirarsa, ko da duk sun haura hamsin. Jaridun Ingila kan ce wa sojojin ƙasar ko 'yan ƙwallonta "our boys". "Boyfriend" saurayin mace ne ko shekarunsa nawa. "Oh boy" kalmar mamaki ce kawai, ba a nufin kowa da ita. "Old boy" tsohon ɗalibin makaranta ne, shi ya sa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, makarantar da ta yaye shugabannin ƙasa irin su Yakubu Gowon da Shehu Shagari, take ɗauke da wannan laƙabi a sunanta na Ingilishi, kuma 'ya'yanta suna alfahari da shi. Ingilishin Nijeriya ya ƙara nasa: "big boy" matashi ne mai kuɗi, "area boys" kuwa zauna-gari-banzan Legas.

Tsohuwar ma'anar hidima ta maƙale cikin sunayen ƙananan ayyuka, irin su "office boy" ɗan aiken ofis, da "bellboy" mai ɗaukar kaya a otal, da "busboy" mai kwashe kwanuka a gidan cin abinci. Waɗannan su ne suke ja da baya, ana musanya su da sunayen da ba su ambaci yarinta ko jinsi ba.

Abin da ke warware wannan saɓani shi ne ra'ayin da Roger Brown da Albert Gilman suka kawo a maƙalarsu ta 1960 kan wakilan suna na harsunan Turai, irin su "tu" da "vous" na Faransanci. Sun nuna cewa kalmar kira ɗaya tana iya nuna zumunci, tana kuma iya nuna iko, kuma ma'aunin shi ne ko wanda aka kira yana da damar mayar da irinta. Bahaushe ya san wannan sarai: abokai suna ce wa juna "kai", amma in babba ya ce wa na ƙasa "kai", shi sai ya mayar da "ku" ko "ranka ya daɗe". Haka "boy" take. Tsakanin tsara, inda kowa ke iya faɗa wa kowa, tana tuna musu ƙuruciyar da suka yi tare. In kuwa ta sauko daga sama zuwa ga babban mutumin da ba shi da ikon mayarwa, musamman daga fari zuwa baƙi, to, ta Aufidius ce. Galibi ma ta zumuncin takan zo da sigar jam'i, ko da mallaka irin ta 'yan gida ɗaya, ta cin mutuncin kuwa takan zo tilo a matsayin kira.

8.0 Kammalawa

An ga yadda "boy" ta fara da ma'anar bara wajen 1300, ta ɗauki ma'anar ɗa namiji bayan wajen ƙarni ɗaya, ta zama makamin cin mutunci a zamanin Shakespeare, sa'an nan mulkin mallaka da bautar Amurka suka ɗaure ta da launin fata, suka toshe mafitar da take da ita a Ingila. Hausa ta same ta a wannan mataki na ƙarshe, shi ya sa "boyi" ta zo da ƙasƙanci ba tare da yarinta ba.

Akwai abin da ya kamata malaman harshe da masu fassara su kula da shi a nan. Mai fassara labarin kudancin Amurka, in ya mayar da "boy" zuwa "yaro" a duk inda ya same ta, zai zubar da dafin maganar, domin mai karatun Hausa zai ɗauka irin yaron maigida ake nufi; a waɗansu wuraren "kai boyi" ko "kai bawa" ya fi kusa da abin da aka ji. Haka kuma ɗalibin da aka koya wa cewa "yaro" daidai take da "boy" ba tare da ƙarin bayani ba, yana iya zuwa Amurka ya gabatar da amintaccen mataimakinsa da "my boy", yana nufin yabo, a ji shi da wata manufa dabam. Ya dace ƙamusoshin Hausa da Ingilishi da littattafan koyar da fassara su raba waɗannan ma'anoni, su kuma nuna wanda ke iya faɗin kowace, da wanda ake iya faɗa wa.